Hannun Baba a Kan Gwiwa

Baba bai taɓa kiran sunan Yaya ba. Wanda ya tashi cikin Hausawa ba sai an yi masa bayani ba: Yaya ɗan fari ne, ɗan fari kuwa ba a kiran sunansa, ba a zama hira da shi, ba a nuna an damu da shi. Can ƙauyenmu na ƙasar Tawa abin yana zuwa da sauƙi, domin da an yaye yaro kaka za ta ɗauke shi, ya girma a wani gida, uban ya riƙa jin labarinsa daga nesa. Mu kuwa a Arlit aka haife mu, babu kaka babu gwaggo, sai ɗaki biyu da rumfa. Haka Baba da Yaya suka yi shekara ashirin da bakwai suna kauce wa juna a tsakar gidan da bai fi taku goma ba. In Baba yana son a sayo gawayi, sai ya dubi bango ya ce a ce wa wancan ya tafi kasuwa. Yaya yana tsaye a wurin, ya ji da kunnensa, amma sai na juya na maimaita masa kafin ya ɗauki buhu.

Ni ke bi masa, shekara biyar ce tsakaninmu. Sunan mahaifiyar Baba aka sa mini, saboda haka Uwata yake ce mini, kuma duk abin da aka hana Yaya ni an ba ni har ya yi mini yawa. Ina zama kusa da Baba, ina yi masa gardama, ina cinye ragowar tuwonsa. Inna takan ce da an raba bakina biyu an ba Yaya rabi, da gidan ya zauna daidai.

Baba ya yi shekaru masu yawa a ƙarƙashin ƙasa a Akokan, inda ake haƙo uraniyom. Aikinsa shi ne ba da alama ga masu tuƙa injin haƙa da motocin kwasar dutse. Can ƙasa ƙara ba ta barin a ji magana, da yatsu da fitilar hula ake zance. Ya bar aiki da kunnen dama a mace, na hagu kuma sai an matso har kafaɗarsa an ɗaga murya. Wannan ya ƙara wa Yaya nisa, don babu yadda za a yi ɗan fari ya rungumo kafaɗar ubansa yana yi masa ihu a kunne. Aikin ya zama nawa, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗinsa.

Wani injiniya Bature da Baba ya yi aiki tare da shi, da zai koma ƙasarsu, ya bar masa tele da bidiyo da kwali guda na kaset. Mutumin kuwa da alama ba ya kallon komai sai wasanni. Akwai fim ɗin dambe, wanda Baba ya kalla sau ɗaya ya ce waɗannan da matashi a hannu suke faɗa, ɗan kokowar ƙauyenmu ma zai kwashe su. Akwai na tseren keke, ya ce ƙoshi ne ke damunsu. Akwai na ƙwallon ƙafa, wanda Yaya ya ara wa abokai har zaren ya tsinke. Sai guda ɗaya da babu wanda ya gane kansa: mutane da fararen wanduna a wani fili kore, ɗaya yana jifa da ƙaramar ƙwallo, ɗaya yana kai mata duka da kulki, sauran suna tsaye suna tauna wani abu. Da Ingilishi yake, mu kuwa Faransanci muka yi a lakwal, wato makarantar boko. Fim ɗin kulki muke ce masa. Sai bayan shekaru na ji sunan wasan besbol.

A kallo na uku Baba ya ɗaga hannu ya ce in tsayar. Ya nuna wani da ba mu taɓa lura da shi ba, wanda ke durƙushe a bayan mai kulki da ragar ƙarfe a fuska. Ya ce mu dubi yatsunsa. Ashe kafin kowane jifa mutumin nan yana sauke hannu tsakanin cinyoyinsa ya nuna yatsa ɗaya, ko biyu, ko uku, mai jifa kuma yana kallonsa daga nesa kafin ya saki ƙwallo.

“Wanga shi na mai wasan,” in ji Baba. “Sauran duk ƴan aike na.”

Cikin sati guda ya haddace su. Yatsa ɗaya ƙwallo za ta zo a miƙe da gudu, biyu za ta lanƙwasa, uku za ta faɗi ƙasa dab da mai kulki. Yana faɗa kafin a jefa, kuma haka za a yi. Labarin fim ɗin kansa ba mu taɓa saninsa ba. Ni na ce mai durƙuso da mai jifa abokai ne. Inna, da takan leƙo da rariya a hannu, ta ce surukai ne, in ba haka ba me zai sa su tsaya nesa da juna ɗaya har da rufe fuska. Baba kuwa, daga ranar mai jifa ya zama “yaron ga” a bakinsa.

Bayan la'asar muke kallo, in akwai kuran, wato wutar lantarki. Baba a tabarma gaban tele, ni a kunnensa na hagu, Yaya a bakin ƙofa yana goge wani ƙarfen babur kamar ba kallo ya zo ba. A nan ne abin ya fara. Wata rana mai durƙuso ya nuna yatsa biyu, mai jifa ya girgiza kai, ya sake nunawa, ya sake girgizawa. Baba ya ce wa tele yaron ga hannu gare shi, amma ba shi da haƙuri. Sai na ji Yaya, idonsa a kan ƙarfen, yana cewa ai shi ma mai durƙuson bai taɓa ce masa madalla ba. Na dubi wannan, na dubi wancan, na cika ƙirji da iska na kwarara wa Baba a kunne cewa an ce mai durƙuso ba ya yabo.

Baba bai juya ba. Ya ce, “Kama ƙwallon da shike yi, shi na yabo.”

Daga nan ba abin da ba su tattauna ba ta bakin mutanen nan biyu. Da Yaya ya fara dawowa gida da warin taba, yaron ga ne ya sha faɗa a kan abin da yake taunawa. Da Baba ya ƙi zuwa likita a kan tarinsa, an ce mai durƙuso gwiwarsa ta lalace amma girman kai ya hana shi faɗa, kuma washegari Baba ya sa babbar riga ya tafi likita. Da Yaya ya fara neman wata ƴar unguwar ƴan Damagaram, Baba ya nuna wata mace cikin ƴan kallo a fim ɗin ya ce wannan da ganinta ƴar mutunci ce, iyayenta ma ya san su. Yaya ya goge ƙarfen nan ranar har ya kusa huda shi. Ni kuma ina tsakiya ina kai saƙo, wani lokaci in ƙara gishiri don in ga yadda za su yi.

Wuri ɗaya ne a fim ɗin Baba ba ya so. Can wajen ƙarshe, bayan mai jifa ya girgiza kai sau uku a jere, mai durƙuso yakan miƙe, ya cire ragar fuskarsa, ya taka har inda yaron yake tsaye, a gaban dubban mutane, ya dafa kafaɗarsa ya yi masa magana. Baba ya ce wannan abin kunya ne. Ya ce a ƙarƙashin ƙasa, mai ba da alamar da ya bar wurinsa ya je har bakin mota don ya yi bayani, ya nuna bai iya aikinsa ba ke nan. Kullum in an zo wurin sai ya ce in tura gaba, in danna, mutanen su yi ta ƴan guje-guje a tele har a wuce.

Sai tawaye ya sake ɓarkewa a duwatsun Abzin. Motoci suka daina fita gari sai a ayari da rakiyar soja. Aka fara jin nakiya ta tashi da mota a hanya kaza, kowane ɓangare yana cewa ɗayan ne ya binne ta. Maƙwabtanmu Abzinawa, da muke musayar cuku da yaji da su tun ina goye, suka rage fita, wasu suka kwashe iyali. A daidai wannan lokacin kuma uraniyom ya yi daraja a duniya, sababbin kamfanoni suka cika gari da fararen motocin kat-kat, suna neman inda za su haƙa. Direbobi suke nema ido rufe, domin tsofaffin hannu da yawa sun ce su kam sun gode.

Yaya ya daɗe da permin tuƙi a aljihu ba mota. Kabu-kabu yake yi da babur ɗin wani, shi da ya fi kowa ƙoƙari a ajinsu, ga maganar aure ta taso. Wani kamfanin masu bincike ya ɗauke shi tuƙin motar ruwa, daga wata rijiya zuwa sansaninsu can wajen Dannet. Hanyar ba kwalta ba ce, kuma motar ruwa ba a yi mata rakiya. Ni ya fara gaya wa, ni na gaya wa Inna, Inna ta ce in gaya wa Baba. Da na faɗa masa sai ya ce a sa kaset.

Kwana uku a jere aka sa. Baba ya ce filin ga ba shi da kyau, mai hankali ba ya shiga filin da bai san abin da ke ƙarƙashinsa ba. Yaya ya ce akwai waɗanda ke zaune a benci tun farkon fim ɗin, har ya ƙare ba wanda ya san da su. Baba ya ce na benci ai suna komawa gida da ƙafafunsu. Yaya ya ce mai durƙuson shi ma da yana yaro ya shiga wurin da ya fi wannan haɗari, kuma da abin da ya samo can aka gina ɗakin da ake zaune ciki. Wannan ban so faɗa ba, amma na faɗa. Baba ya ce a kashe tele.

A rana ta uku na iske Yaya a bakin famfon unguwa yana wanke babur ɗin da zai mayar wa mai shi. Na ce masa ai ya ji abin da Baba ke nufi, me kuma yake jira.

Ya ce, “Da tele ya yi magana. In ya ce mini, ni, kar in tafi, wallahi na fasa.”

A lokacin na ɗauka taurin kai ne. Yanzu da na girme shi da shekaru, na san ba hani yake nema ba. So yake sau ɗaya a duniya ubansa ya dube shi ya yi masa magana, ko da maganar ta raba shi da aikin da yake so. Na koma gida na durƙusa a kunnen Baba na faɗa masa yadda aka faɗa mini, ban ƙara ko ƙwayar gishiri ba.

Ya ce, “Na hwaɗi, Uwata. Kwana uku ina hwaɗi. Mi kuma za ni ce?”

Na ce ya kira shi ya faɗa masa baki da baki, ba wanda zai mutu don haka. Ya ce ni yarinya ce. Na tashi raina a ɓace, da shi da Yayan duka, na ce su ƙarata, na gaji da zama waya tsakanin mutane biyu da ke kwana a gida ɗaya.

Da hantsi washegari Yaya ya zo sallama da jakarsa a kafaɗa. Baba yana zaune a rumfa. Yaya ya cire takalmi, ya durƙusa can nesa yadda ya saba, ya sunkuyar da kai, ya ce zai tafi. Ina tsaye a ƙofar ɗaki ina kallonsu. Baba ya kau da fuska wajen bango. Sai na ga hannunsa na dama ya sauka a kan gwiwarsa, tafin a kife, ya danna shi ƙasa sau biyu, sannan ya dunƙule. Wannan ba ta fim ba ce, tasa ce ta ƙarƙashin ƙasa, ma'anarta tsaya, kashe inji. Da ita ya yi renonmu. In muna yara muka nufi titi da gudu, ita yake yi mana daga nesa mu daskare, kuma ban taɓa ganin Yaya ya tsallake ta ba.

Amma idon Yaya yana ƙasa, domin ɗa mai tarbiyya ba ya kallon ubansa in yana gaishe shi. Fuskar Baba kuma tana bango, bai san ko an gani ko ba a gani ba. Ni kaɗai na ga duka biyun. Kalma uku kawai zan ce, Yaya ɗaga kai. Ban ce ba. Fushin jiya bai sake ni ba, na ce a raina yau dai sai tsohon nan ya buɗe baki, ba zan sake rufa masa asiri ba. Na tabbata zai buɗe. Ya kuwa buɗe, ya ce wa bango Allah shi kiyaye hanya. Yaya ya ce amin, ya miƙe, ya sa takalmi, ya ce wa Inna sai ya dawo. A bakin ƙofa ya ja mini kallabi ya ce in kula masa da mai durƙuso.

A sati na uku da tafiyarsa, da hantsi kamar wancan, mutum biyu daga kamfanin suka zo tare da limamin unguwa. Motar ruwa ta taka nakiya tsakanin rijiya da sansani. Kafin azahar an yi wa Yaya sutura. Har yau ba mu san wanda ya binne nakiyar ba, kuma na daina tambaya.

Baba ya zauna karɓar gaisuwa ido a bushe, mutane suna fita suna yaba dattakunsa. Inna ma ba ta da halin kuka a gaban jama'a, ɗan fari ne, sai ta shige bayan ɗaki ta yi ta dakan geron da ba wanda ya ce a daka. Ni na yi kukan mu uku, har mata suna riƙe ni suna cewa in ji tsoron Allah. Ba su san ba rashin Yaya kaɗai nake yi wa kuka ba. Kowace safiya in na buɗe ido, kalmomin nan uku nake fara ji a bakina, a shirye, ba wanda zan faɗa wa.

An rufe tele da zani, ba wanda ya taɓa ta har aka yi sadakar arba'in. Kwana biyu bayan nan, da la'asar, Baba ya ce in sa kaset. Na ce wanne, kamar ban sani ba. Muka zauna yadda muka saba, shi a gaba, ni a kunnensa na hagu, bakin ƙofa ba kowa. Bai faɗi ko jifa ɗaya ba. Muka yi ta kallo har aka zo inda mai durƙuso yake nuna yatsu, yaron yana girgiza kai.

Baba ya ce wa tele, “Ya gani. Ya gani, ya ƙi.”

Nan na gane abin da yake ɗauke da shi kwana arba'in da ƴan kai: ya ɗauka ɗansa ya ga hannunsa ya tsallake, ya mutu yana mai saɓa masa. In na yi shiru zai ci gaba da ɗaukar wannan. In na yi magana zan ba shi wanda ya fi shi nauyi, in kuma tona kaina. Kuma Baba ba a yi masa raɗa. Na dafa kafaɗarsa, na faɗa da muryar da duk unguwa za ta ji.

“Bai gani ba, Baba. Kansa yana ƙasa. Ni na gani, ban faɗa masa ba.”

Na jira ya juyo, ya zage ni, ko ya ɗaga mini hannu karo na farko a rayuwata. Bai yi ba. Yaron ya girgiza kai na uku, mai durƙuso ya fara miƙewa, hannuna ya tafi wajen maɓalli da kansa saboda sabo. Baba ya riƙe mini wuyan hannu. Muka kalli mutumin ya cire ragar fuskarsa, ya taka a hankali, ya isa, ya dafa kafaɗar yaron. Ban taɓa sanin wurin gajere ba ne sai ranar. Magana biyu ko uku ce kawai, yaron ya gyaɗa kai, mutumin ya koma wurinsa.

Baba ya ce, “Taku nawa na ke nan?”

Ba ni yake tambaya ba. Ya sake ni, ya juya ya fuskanci bakin ƙofa, ya kira sunan Yaya. Cikakken sunan ya kira, na yanka, da babbar muryar nan ta wanda ba ya jin kansa. Dakan Inna ya tsaya a bayan ɗaki. Sunan kuwa ba baƙo ba ne, kusan kowane layi a Arlit akwai mai shi, har telan da ke ɗinki a bayan katangarmu. Sai muka ji keken ɗinki ya tsaya, telan ya amsa, “Na'am, Baba.”

Ni na ji, Inna ta ji. Baba bai ji ba, kunnen damansa ne ke wajen katanga.